Abin Da Na Koya A Garejin Sabo

Duk wanda ya san ni a wannan sashe ya san tsohon babur ɗin nan da nake jinginewa a gindin dalbejiya. Na yayana ne, ya bar mini da ya koma Legas. Da safe ya kawo ni aji, da yamma in yi acaɓa da shi, wato abin da a wajenmu ake kira okada. Daga nan nake haɗa kuɗin makaranta da na abinci.

Ana saura mako biyu jarrabawa sai ya ɓullo da wani hali. A kan hanya gudu yake lafiya lau, amma da zarar na saki totur na taka birki, sai injin ya yi tari ya mutu. Wata rana a shataletale na buga kik har sau bakwai, motoci na ta yi mini oda, fasinjata kuwa ta sauka ta hau wani babur ba ta ba ni ko sisi ba.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na sayi sabon fulogi, bai hana ba. Na murɗa sukurun da ke ƙara ƙarfin injin a tsaye, sai ya daina mutuwa, amma ya riƙa ruri kamar janareto, giya na shiga da ƙara, mai na ƙarewa da wuri. Abin da nake samu duk ya koma tanki.

A ƙarshe na tura shi Sabo wajen wani dattijon bakanike Bahaushe. Na gaishe shi da Hausar aji, na ce, “Baba, abin hawana yana dakatar da aiki yayin tsayawa.” Yaransa suka fashe da dariya. Ya tsawata musu, ya ce, “Ɗana, ce mini mashin na mutuwa in ka tsaya. Shi ke nan.”

Bai taɓa sufana ba sai da ya yi mini tambayoyi. A firi ma yana mutuwa? Na ce e. Ya ce to kuloci ya fita daga zargi, domin da shi ke riƙewa, sai cikin giya kawai zai kashe injin. Ya mayar da sukurun da na murɗa inda yake, ya tayar da injin, ya saki totur, ya mutu. Ya sake tayarwa, ya ɗan ja cok, sai ga injin ya zauna. Ya ce, “Ka gani? Cok na ƙara wa injin mai. Tunda ya rayu da shi, yunwar mai ke kashe shi a tsaye.”

Sannan ya kwance kafireta, ya nuna mini jet guda biyu. Babban shi ke ciyar da injin idan an buɗe totur ana gudu. Ƙaramin, wanda raminsa bai kai kafar allura ba, shi ke riƙe da injin idan an saki totur. Ya ɗaga shi sama ya ce in leƙa. Ko haske ba ya wucewa. A ƙasan kafiretar kuwa ga jar tsatsa da ɗigon ruwa. Ya tambaye ni ina nake shan mai. Na sunkuyar da kai, domin na kwalba nake saye a bakin titi, kuma kullum tankina kusan fayau yake kwana, abin da ke sa raɓa ta taru a ciki tsatsa ta samu wuri.

Na ce a zura allura a buɗe ramin. Ya ce a'a, allura na faɗaɗa shi, daga nan mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi. Da fetur mai tsabta ya wanke, ya hura iska har haske ya ratsa. Ya duba robar da ta haɗa kafireta da injin ko ta tsage tana shan iska, ya wanke soson iska, ya wanke tanki, ya sa ƙaramar matata a tiyon mai. Sai da injin ya ɗauki zafi ya saita sukurun. Ya ce in ya sake mutuwa bayan ya yi zafi, in dawo a duba bawul. Abin da ya karɓa bai kai abin da na ƙona a mai cikin kwana biyu ba.

Na rubuta jarrabawata ban makara ko sau ɗaya ba. Har yau kuma ina komawa garejin duk Asabar, ko babur lafiya yake, da ɗan littafina a aljihu. Shekara uku ina nazarin nahawu, amma a can na fara jin yadda ake faɗin abu a taƙaice ba a yi dariya ba. Ya ku abokan karatuna, musamman mu da ba a gida muka sha Hausa ba, Sabo ba ta da nisa. Matambayi ba ya ɓata.