Daɓe da Makuba: Yadda Ake Gyaran Tsohon Gida a Sabon Birni da Isa

Mai zuwa Sabon Birni daga Sakkwato yakan bi ta Goronyo, ya yi ta tafiya kusa da fadamar gulbin Rima har ya kusa bakin iyakar Nijar. Ƙasar Gobir ce. Kufan Alƙalawa, birnin da ya faɗi a 1808 a zamanin Sarkin Gobir Yunfa, yana nan kusa, kuma mutanen yankin suna da dangi a Tsibiri da Maraɗi. Daga Sabon Birni hanya ta gangara kudu zuwa Isa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a garuruwan biyu shi ne tsofaffin gidajen ƙasa, da yadda masu su ke gyara su da hannunsu kafin damina.

Gidan da aka kai ni a Sabon Birni na gado ne, ginin tubali, rufin azara, zaurensa ya sha yaɓe kan yaɓe. Na tarar an fitar da gado da tukwane da randa an jera a inuwa, an kuma farfashe tsohon daɓen ɗakin uwargida wanda gara da laima suka cinye. Aikin maza ya ƙare tun da hantsi: su ne suka ɗebo jar ƙasa da tsakuwa a amalanke, suka zuba, suka baje. Daga nan filin na mata ne.

Mata suka shigo, na gidan da na maƙwabta, kowace da madaɓinta. Madaɓi itace ne mai faɗin ciki da mariƙi, an sassaƙa shi don wannan aiki kaɗai. Suka durƙusa a jere, aka yayyafa ruwa, suka fara bugu tare, hannu na tashi hannu na sauka, wata na ba da waƙa sauran na amshi. Wanda bai sani ba zai ɗauka waƙar daɓe nishaɗi ce kawai. Ita ce ke daidaita bugun, kuma daidaiton bugun ne ke hana wani gefe ya lotsa wani ya yi tudu. Na ce musu, "Sannunku da aiki, Inna." Dattijuwar da ke kan gaba ta amsa ba tare da ta ɗaga kai ba, don idonta na kan lungun ƙofa, inda ƙafa ta fi ci.

Daɓe ba ya son gaggawa. A buga, a bari ya sha iska, in ya tsattsage a sake yayyafi a sake bugu, har tsakuwar ta nutse ƙasar ta haɗe. Sannan a kawo makuba. Ɓawon ɗorawa ne, wanda ya rage bayan an cire garin an ware kalwa don daddawa. Ana jiƙa shi har ruwan ya yi ja wur, a yayyafa a kan daɓen, a ci gaba da bugu. Sinadarin da ke cikinsa dangin wanda ke cikin bagaruwar majema ne, shi ke kama ƙasar ya ƙarfafa ta, ya rage mata shan ruwa. Ikon Allah, ɗorawa na nuna ne a ƙarshen rani, daidai lokacin da ake buƙatar makubar. In an gama, daɓen yakan yi duhu, ya yi santsi, yana ɗan sheƙi. Na taka shi ba takalmi a wani ɗakin da aka gama tun farko, da azahar, a zafin bazara, na ji sanyinsa har ƙwauri.

A Isa kuwa tsakar gida na tarar ana gyarawa, kuma a nan ne na ga inda basira take. Maigidan da 'ya'yansa ba su fara da zuba ƙasa ba. Sai da suka kwarara bokitin ruwa a gindin kowane indararo, suka tsaya suna kallon inda ya nufa. Duk inda ya kwanta, nan za a cike. Manufa ita ce filin ya gangara a hankali daga ƙofofin ɗakuna zuwa rariya, a kuma yi wa gindin bango dakali don kada ruwan Agusta ya zauna a jikinsa. An jera duwatsu inda indararo ke zuba, an fasa rariyar da ta toshe, an matsar da turken awaki daga jikin bangon ɗaki. Mutanen da ke zaune a bakin gulbi, waɗanda suka ga ambaliyar 2010, ba sa wasa da hanyar ruwa.

Siminti ya shigo, ba kuwa daga nesa ba, tunda ana yin sa a Kalambaina, nan Sakkwato. Ba ni da faɗa da shi. Wurin wanka da wurin wanke-wanke da bakin rijiya, siminti ya fi musu. Abin da na gani a wasu gidaje ne ya dame ni: an malala shi tun daga tsakar gida har jikin bangon ƙasa, ba a bar wa laima mafita ba. Sai ta haura cikin tubalin, gindin bango ya riƙa zubewa ta ciki alhali fuskarsa na nan sumul. Ga zafin da simintin yake riƙewa har bayan isha'i, a garin da mutane ke kwana a tsakar gida rabin shekara. In ya tsage kuma sai an nemi buhu da birkila, alhali daɓe ana toshe shi da ƙasar bayan gida.

Sai dai babbar barazanar gidajen nan ba siminti ba ce. Gidan ƙasa yana rayuwa ne da gyaran shekara-shekara, gyaran kuma sai da zaman lafiya. Tun 2019 dubban mutanen wannan yanki suka tsallaka zuwa ƙauyukan jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, wasu suka taru a cikin Isa da Sabon Birni. A watan Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Inda basarake bai tsira ba, wa zai tura yaro daji ɗebo tsakuwa ko kaɗo ɗorawa? Gidan da aka rufe aka gudu, damina kaɗan ke maida shi kango. Gidajen cikin gari kuma sun cika da 'yan uwa masu gudun hijira, daɓen da aka yi don iyali ɗaya yanzu iyalai ke takawa. Shi ya sa ganin mata a durƙushe suna bugun ƙasa ya taɓa ni: wanda ke daɓe ɗakinsa yana da niyyar zama.

Yawancin hannayen da na gani riƙe da madaɓi na dattawa ne. 'Yan matan suna ɗebo ruwa, suna amshi, amma awon makuba da sanin lokacin da ƙasa ta isa bugu suna wajen iyayensu. Don haka, mai tsohon gida a Gobir ko a wani wuri, kafin ka sayi buhun siminti na farko, ka zuba ruwa a tsakar gidanka ka ga inda zai bi, sannan ka kira dattijuwar unguwarku ta duba maka ƙasar, ka sa 'ya'yanka su zauna kusa da ita.