Dararen Jiki Magayi a Gobir

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato. Tamu, Sabon Birni, da maƙwabciyarta Isa suna ciki. Zamfara ce ta riga mu tun farkon watan. Kafin nan Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a kan dokar da ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu, ta kuma hana sayar da fetur a jarka, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari da mai da kuɗi. Mu da ke zaune cikin gari sai wayoyinmu suka koma fitila da agogo. Mai son jin muryar ɗan'uwansa sai ya nufi bakin iyaka ya lalubi sabis ɗin Nijar, in kuwa hanya ba ta yi kyau ba ya haƙura.

Ina koyarwa a wata firamare a lokacin, kuma gidanmu a cike yake. Tun hare-haren watan Mayun 2020, da suka ci rayuka fiye da 70 a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da ƙauyukan da ke kewaye da su, dangi suke ta gangarowa cikin gari. Maza na kwana a zaure, mata da yara a cikin gida. Da an idar da Isha'i kowa ya shige, ba dandali, ba teburin mai shayi. Dare ya yi tsawo, barci kuma ba ya zuwa da wuri ga wanda ya bar gonarsa da rumbunsa a hannun Allah.

Ƙanena yana da rediyo irin mai cin memori, mai ɗan faifan sola a bayansa. Kafin a katse sabis ya kai katin wurin masu tura fina-finai a waya, aka cika masa shi da wa'azi da waƙoƙin Narambaɗa da littattafan yaƙi. A cikinsu akwai wani karatu da aka yanka kashi-kashi, ba suna, sai lambobi. Wani dare ya kunna na farko. Mai karatun bai yi nisa ba na ji an ambaci garin Galma da Malam Shehu, nan take na gane Jiki Magayi ne, littafin John Tafida na Wusasa da Rupert East, ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka fito bayan gasar rubutu ta 1933 a Zariya, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Mun karanta shi a sakandare. A duk zauren ni kaɗai na san inda labarin zai kwana.

Mahaifina ya kafa doka: kashi ɗaya a kowane dare. Dalili kuwa caji. Masu janareta sun rasa mai, ranar da hadari ya rufe sama kuma faifan sola ba ya tara abin kirki. Ya ce kuma a rage murya, domin kunne ɗaya na rediyo ne, ɗaya na waje, saboda haushin kare ko ƙarar babur. Haka muka riƙa matsowa har gwiwa na gogar gwiwa. Mata suka shimfiɗa tabarma a bayan ƙofar zaure ta ciki. Ni ma aka kafa mini tawa dokar. Wani kawuna ya dube ni ya ce, “Malam, kai da kak karance shi, ka kama bakinka. In ka hwaɗi ƙarshe, waje za ka kwana.” Amma da rana shi ne kan gaba wajen biyo ni yana lallashi in ɗan tsakura masa.

Samarinmu sun saba da labaran bincike, inda ake tsintar gawa a shafin farko, a yi ta neman wanda ya yi kisan har shafin ƙarshe. Wannan labari ya juya musu abin. Malam Shehu attajiri ne da Allah bai ba haihuwa ba. Ya yi mafarkin cewa in ya auri Zainabu zai sami ɗa, alhali Zainabu da Abubakar sun riga sun shirya. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure, aka haifi Kyauta. Abubakar ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi, ya sha baƙar wuya, ya dawo da asirin da ya mai da yaron ɓarawo. Mai sauraro ya san hannun da ya ƙulla abin, mutanen gidan Malam Shehu ba su sani ba. Sirrin yana hannunmu, ba mu da hanyar miƙa shi. Wannan ne ya hana mutane sukuni. Wani dare gwaggona ta kasa daurewa, daga bayan ƙofa muka ji ta tana cewa, “Ke Zainabu, ɗiyan ga naki ba halinai na ba, sammu na anka yi mai!” Ba wanda ya yi dariya. Da yawanmu abin da ke bakinmu ke nan.

Mai karatun namiji ne, da alama ya manyanta, Hausarsa ta gabas ce. Ba kiɗa, ba amsa-kuwwa. Wani lokaci har ƙarar buɗe shafi ana ji. Yana tafiya a hankali, yana tsayawa inda jimla ta tsaya, kuma bai cika sauya murya ba in ya zo maganar wani. A dararen farko samari sun yi ta ƙorafi, suna cewa wannan ai labaran duniya yake karantawa. Yara kuwa da rana sai su riƙa kwaikwayon “ne” da “ce” ɗinsa suna tuntsira dariya. Wani ɗan'uwana ya ce laifinsa ɗaya, yana karanta maganar Zainabu da muryarsa ta maza. Innarmu ta ba shi amsa daga cikin gida: “Hakanan yaf fi. Masu maƙe murya su yi ta mata, dariya suka maishe mu. Wanga ya bar ta da mutuncinta.”

Daren da aka zo inda Kyauta ya shiga wani gida sata ya kashe maigidan, bai san mahaifinsa ba ne, nan kowa ya san darajar mai karatun. Bai ɗaga murya ba, bai sa kuka a cikinta ba. Ya karanta wurin da irin muryar da ya karanta ɗaurin aure, sai dai ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya ci gaba, har ƙanena ya kai hannu yana tsammanin caji ne ya ƙare. Kawuna ya yi salati. Aka kashe rediyon, amma ba wanda ya kwanta.

Gardamar da aka fara a daren nan ta ɗauki kwanaki, tambayar kuma ɗaya ce: wa ad da laihi? Samari suka tsaya bayan Abubakar. Sun ce mai kuɗi ya ƙwace masa abin da yake so, ba alƙalin da zai saurare shi, to me ake so ya yi? Dattawa suka ce aure rabo ne, Malam Shehu bai ɗauki matar kowa ba, sadaki ya biya. Mata suka ce duk maganar maza ce, ba wanda ya tsaya ya auna irin matsin da ake yi wa yarinya in mai dukiya ya sallama a ƙofar gidansu. Kan abu ɗaya kawai aka haɗu, wato Kyauta bai ci nanin ba, nanin ta ci shi.

Ya kamata a tuna wane wata ne wannan. A farkon Oktoba labari ya zo cewa 'yan sa-kai sun kashe Fulani a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa. Ba a ɗau lokaci ba 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Unguwar Lalle, nan ƙasarmu. Kafin watan ya ƙare aka yi ta'asar kasuwar Goronyo, inda mutum fiye da 40 suka rasu. A irin wannan yanayi ba mai sakin baki a cikin taro, don ba ka san wane ne infoma ba, ba ka kuma san wanda za a laƙaba wa sunan gobe ba. Sai ga shi a zaurenmu ana maganar zalunci da ramuwa baki buɗe, da sunan Abubakar da Malam Shehu. Akwai wani dattijo daga cikin baƙinmu da aka ƙone masa rumbuna, wanda tun zuwansa bai cika magana ba. Shi ne ya dubi samarin ya ce, “Ɗiyana, ku saurara. Abubakar an cuce shi, wanga gaskiya na. Amma da yat tashi ramawa, wa yas samu? Yaron da ko haihuwatai ba a yi ba sa'ad da anka cuce shi. Mai ramuwa bai cika samun mai laihi ba, wanda ak kusa shika samu.” Wani saurayi ya ce, “Baba, to sai mu zamna a ƙare mu?” Dattijon ya ce, “Tsare gida daban, bin jini daban.” Ba a sasanta ba a daren. Amma an faɗa, an kuma ji, abin da ba a iya yi a masallaci ko a kasuwa.

Ban gane cewa mai karatun yana da hannu a wannan gardama ba sai da na je Isa. Rasuwa aka yi mana, muka bi ayarin motoci muka tafi ta'aziyya, kafin abin da ya faru kusa da Gidan Bawa a watan Disamba, inda aka ƙone matafiya a cikin mota, hanyar ta gagari mai ƙaramar zuciya. A gidan da muka sauka na tarar da samari suna sauraron labarin nan dai, amma da wata murya. Wannan mai karatun yaro ne mai kuzari, muryarsa garau, ya sa kiɗan fim a ƙasa, ya sa amsa-kuwwa. Tun fitowar Abubakar ta farko ya ba shi murya mai kauri da dariyar mugunta, Malam Shehu kuwa ya ba shi ta salihin dattijo. Ba zan tauye masa haƙƙi ba: yara sun taru, ba mai gyangyaɗi, kuma irin wannan salo yana dacewa da littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, inda takobi ke magana. Sai dai da aka gama na tambaye su wa ke da laifi, baki ɗaya suka ce Abubakar, suka tashi. Ba abin da ya rage a tattauna, an riga an yanke musu hukunci.

Maigidan, tsoho ne da ya tashi cikin jin waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya kira ni gefe ya ce, “Malam, mu nan Isa mun san murya. Mai murya na ƙwarai ba ya shiga gaban magana, bayanta shika bi. Wanga yaro ya shiga gaba.” Wannan ita ce magana mafi inganci da na taɓa ji a kan karatun littafi a bayyane, daga bakin wanda bai taɓa zama a aji ba.

Sauraron littafi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun ji Magana Jari Ce daga bakin ɗan makaranta a zaure. Mun tashi muna jin Shafa Labari Shuni a Rediyon Kaduna, kuma tun 2016 Sashen Hausa na BBC yake karanta labaran gasar Hikayata. Abin da memori ya ƙara shi ne, littafi ya isa inda ba kantin littattafai, ba sabis, ba wutar lantarki, ya isa kunnen matar da ba ta yi boko ba da dattijon da idonsa ya raunana. A ƙasa irin tamu, inda makarantun ƙauyuka da dama suka daɗe a rufe, ta kunne yara da yawa za su fara sanin adabinsu. Shi ya sa yadda ake karanta shi ya zama babbar magana.

Abu ɗaya ke ci mini rai har yau. Mutumin da ya riƙe zaurenmu a waɗannan darare ba mu san sunansa ba, katin bai faɗa ba. Da ban kasance a wurin ba, da ba wanda zai san sunan littafin ko na marubutansa. Haka karatu ke yawo daga waya zuwa waya, marubuci bai sami ko sisi ba, mai karatu bai sami ko godiya ba. Ina kira ga masu iko da abin, Kamfanin NNPC na Zariya da ya daɗe yana buga waɗannan littattafai, da Rediyon Rima, da Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su haɗa hannu a naɗi karatun tsofaffin littattafanmu da izinin masu su. A fara da waɗanda suka shafi rayuwarmu kai tsaye, irin Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, mai maganar fasa-ƙwauri, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. A sa muryoyin Gobir da Zamfara da Maraɗi a ciki, maza da mata, domin mu ma muna da makaranta masu kyau.

Ga wanda zai zauna gaban makirfo kuwa, roƙona uku ne. Ya faɗi sunan littafi da na mai shi da nasa kafin ya fara. Ya karanta a natse, yadda tsohuwar da ke bayan ƙofa za ta ji kowace kalma. Sannan ya bar hukunci a hannun masu sauraro. Na ga mutanen da aka raba da gonakinsu, aka kashe musu 'yan'uwa, sun zauna sun auna laifin mai zalunci da na mai ramuwa da adalcin da ban zata ba, saboda an ba su labarin yadda yake. Mutanen karkara suna da hankalin yanke hukunci, kuma haƙƙinsu ne a bar su su yi amfani da shi.