Tuffar Mahauci

Mu da aka tura Ingila karatun noma a shekarun 1970, sanyi ne ya fara gallabar mu, sannan abinci. Ni dai Allah ya haɗa ni da wata tsohuwa mai gidan haya a Southwell, wani ɗan gari kusa da Nottingham, kuma a ɗakin girkinta na san tuffar da suke kira Bramley.

Ƙatuwa ce, koriya, mai ɗan faɗi, da ja-ja a gefen da rana ta taɓa. Ɗanyarta ba ta ciwuwa, tsaminta ya kai na tsamiyar da ba ta nuna ba. Sai ta ji wuta take sakin jiki. Tsohuwar takan fere ta, ta barbaɗa sukari, ta jefa kanumfari, ta lulluɓe da kwaɓin fulawa ta gasa. Kafin a jima tuffar ta narke lugub, ƙamshi ya haura bene ya same ni kan littafi, karatu ya tsaya. Daga ƙasa sai in ji cokali yana bugun kwano: "Sauko, ɗana, kada ya huce."

Ita ce ta ba ni tarihin, tana faɗa kamar an ci amanar ƙanwarta. Wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ta shuka ƙwayar a 1809. A 1846 wani mahauci, Matthew Bramley, ya sayi gidan da bishiyar take ciki. Da wani saurayi mai renon itatuwa, Henry Merryweather, ya nemi rassa a 1856 don ya yi musu aure, irin yadda muke wa mangwaro, mahaucin ya ce to, amma a sa sunansa. Yarinya ta shuka, mahauci ya tafi da suna. Duk wata Bramley a duniya daga rassan bishiyar nan ta fito. Guguwa ta kayar da ita a 1900, ta sake yin saiwa ta miƙe. Yanzu na ji wata cutar saiwa na cin ta a hankali, tsufa kuma ya zo mata kamar kowa.

Tuffar da ake talla yau a cunkoson motocin Kano kyakkyawa ce, tana sheƙi, kowace da 'yar takarda a goshi. Zaƙi zalla, ba ƙamshi. Jikokina suna son ta, ban hana su ba. Da na ce musu akwai tuffar da sai an dafa ake ci, ƙaramar ta dube ni da tausayi, ta ce, "Kaka, ashe a Ingila ma kun sha wuya."