Ƙwallon Da Ba Ta Shiga Ba

Yau laifina zan faɗa da bakina. Shekara biyu ɗana yana buga ƙwallon gora ta kan ƙanƙara a ƙungiyar yaran unguwarmu a Montiriyal, ƙasar Kanada, kuma duk ranar da muka fito daga fili tambayata ɗaya ce: "Nawa ka ci?" Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ban ci ba." Ran nan haushi ya kama ni, na ce in ba zai iya ba ya ajiye sandar. Wallahi yaron nan ko abincin dare bai taɓa ba.

Ashe labari ya kai kunnen mai horar da su. Ya ja ni gefe ya ce 'yan gaba uku-uku suke shiga, sahu bayan sahu, kuma akwai sahun da babban aikinsa shi ne toshe wa gwanayen abokan karawa hanya. A nan ɗana yake.

To, yaya za a auna ƙwallon da ba ta shiga ba? Na koma na bincika. Tun kakar 1967-68 babbar gasar NHL take lissafin ƙari da ragi: in ƙungiyarku ta ci kana cikin fili a ƙara maka ɗaya, in aka ci ku a rage. Amma ma'aunin nan yana da cuta, domin sahun tsaro kullum da zakaru ake haɗa shi, sau da yawa ma daga bakin ragarsu yake fara wasa. Shi ya sa daga baya masana suka shiga ƙirga yawan harbin da ake kai wa kowace raga, suna duba da wa mutum ya kara, kuma daga ina ya fara.

A 1978 aka fara ba da kofin Selke ga ɗan gaban da ya fi iya tsaro. Bob Gainey na Montiriyal ya ɗauke shi sau huɗu a jere, alhali bai taɓa cin ƙwallo 25 a kaka guda ba. A 2007 kuma sahun Pahlsson, Moen da Rob Niedermayer aka ɗora a kan zaratan Ottawa, har Anaheim ta ɗauki kofin Stanley.

Jama'a, ashe irin waɗannan gishiri ne, ba a ganinsa a miya sai ranar da babu. Na samu ɗana na ba shi haƙuri, abin da ya yi mini nauyi ƙwarai. Yanzu in mun fito sai in ce, "Wa ka tsare yau?" Ka ga baki har kunne, yana lissafo su da yatsu.

Allah Ya hana mu tauye haƙƙin wanda aikinsa ba ya ƙara, amin.