Layin Waya Ma Baƙo Ne: A San Masaukinsa Kafin A Bar Kano

A wannan mako muna so mu tattauna wani al'amari wanda a ido ƙarami ne, amma yana janyo wa matafiyanmu hasarar dukiya da tashin hankali. Watau sanin halin da layin wayar mutum zai shiga idan ya ƙetare iyakar ƙasa, abin da masu sana'ar waya ke kira romin. Mu kuwa za mu kira shi baƙuncin layi, domin sunan nan ya fi bayyana haƙiƙarsa.

Mutanen Fagge ba su bukatar a yi musu dogon bayani game da baƙunci. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, nan ne zangon ayarin Buzaye masu kawo gishirin Bilma, a bayan ganuwa. Baƙo ba ya sauka a kan titi, sai a gidan fatoma, wanda zai ba shi makwanci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, sa'an nan ya karɓi la'adarsa. Kuma baƙon da ya san abin da yake yi, ba ya kwance kaya daga raƙumi sai ya ji nawa ne la'adar. Yau ayarin ya juya. Mutanen Kantin Kwari da na Kasuwar Sabon Gari su ne baƙi a Dubai da Guwanzu ta ƙasar Sin da Alkahira da Jidda, kuma filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, inda suke tashi, yana nan bayan gidajenmu.

To, layin da ke cikin wayarka haka yake. Kamfanin da ka saye shi a wurinsa, ko MTN ne ko Airtel ko Glo, turakunsa a Nijeriya suke. Da ka sauka Jidda ka kunna waya, sai layin ya nemi masauki a wurin ɗaya daga kamfanonin can, STC ko Mobily ko Zain. Kamfanin can zai tuntuɓi na gida ya tambaya ko ya san wannan baƙo, kuma ko ya yarda a sauke shi. In an amsa, sai a ba shi hanya, a riƙa rubuta duk abin da ya ci, na kira da saƙo da data, a aika wa kamfanin gida lissafi, shi kuma ya cire daga kuɗinka tare da ribarsa. Lissafin nan tsakanin kamfanoni da kuɗin waje ake yin sa, saboda haka tun da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023, nauyinsa ya ƙaru a kan mai naira. Wanda yake zirga-zirga wajen 'yan canji a Wapa ya fi mu sanin ma'anar wannan.

Abin da yawancin mutane ba su rarrabe ba shi ne, ƙofofi biyu ne, kowace da mabuɗinta. Ta farko tana hannun kamfani, watau ko an buɗe wa layinka izinin aiki a ƙasar da za ka. Ta biyu tana cikin wayar kanta, a sashen saiti, ƙarƙashin bayanin layi ko hanyar sadarwa, inda akwai wani ɗan maɓalli na romin ɗin data. In ƙofar kamfani a rufe take, ko saƙo ɗaya ba zai shigo ba, komai taɓe-taɓen da ka yi. In ta kamfani a buɗe take, ta waya a rufe, za ka sami kira da saƙon tes, amma ba intanet. In kuwa duka biyu a buɗe suke, wayar za ta shiga cin data tun kana kan layin duba fasfo, ko da tana cikin aljihu.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi cin kuɗin jama'a, domin waya ba ta jiran izinin mai ita. Zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa da na dangi da na tsofaffin ɗalibai suna ta zubo hotuna da bidiyo, wayar kuma tana iya sauke su da kanta idan saitinta ya ba da dama. Manhajoji suna sabunta kansu. Hotunan da ka ɗauka suna hawa ma'ajiyar intanet. Datar da ka saya ta wata guda a Kano kuwa, galibi ba ta aiki a waje, don haka sai a koma kan kuɗin katinka bisa farashin baƙunci. A ƙaddara, misali kawai, ana cajin naira 50 a kan megabayit ɗaya. Bidiyon ɗaurin aure guda mai megabayit 20 ya ci naira 1,000 ke nan, kuma ba ka ma buɗe shi ba. Har wa yau, a gida mun saba mai kira shi ke biya, amma a baƙunci wanda aka kira ma yakan biya. Sau da yawa 'yan'uwa masu kiran alhaji don su yi masa barka da sauka, su ne ke ƙarar masa da kati ba su sani ba.

Malaman fiƙihu sun shardanta cewa a ciniki da ijara sai farashi ya zama sananne ga ɓangarorin biyu, kuma sun hana cinikin garari saboda husumar da yake haifarwa. Ba mu ce wannan mu'amala ɓatacciya ba ce, domin kamfanoni suna wallafa farashinsu ƙasa-ƙasa, kuma wanda ya tambaya za a gaya masa. Amma jahilcin da shari'a ta kawar daga asalin ciniki, mutum ne yake dawo da shi da hannunsa idan ya ƙi tambaya. Dukiyar da ta tafi a kan bidiyon da ba a kalla ba, ba ta zama sadaka ba, ba ta zama jari ba.

Sai dai a ra'ayinmu, wanda aka cinye wa kati ya fi sauƙi a kan wanda ya tafi da layi a rufe. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ciniki a Kwari da Singa da Sabon Gari ya koma tura kuɗi ta waya, kuma layin mutum ya zama mabuɗin asusunsa. Banki yakan aiko da lambar sirri ta saƙon tes kafin ya saki wasu kuɗaɗe, kuma ga wannan layin kaɗai yake aikowa. Wani maƙwabcinmu mai sayar da atamfa da shadda ya ba mu labari cewa ya isa Guwanzu, ya daidaita da masu kaya, ya tashi tura naira ga wanda zai biya masa a can, sai manhajar banki ta nemi lambar. Layinsa bai ga hanya ba ko ɗigo. Kwana uku ya yi yana aron wayar mutane yana neman yaronsa na shago ya je ofishin kamfani, su kuma suka ce, bisa gaskiyarsu, ba za su taɓa layin wani ba sai da mai shi. Kafin a warware, an sayar wa wani kayan da ya zaɓa. Aikin da zai ɗauke shi rabin sa'a a Kano, shi ya ci masa kuɗin masauki na kwana uku da cinikin da ya je dominsa.

Tun da mun ambaci ƙasar Sin, akwai wata fa'ida da ya kamata fatakenmu su sani. A can an toshe WhatsApp da Facebook da Google, mutanen ƙasar da WeChat suke hulɗa. Wanda ya sayi layin can, toshewar ta hau kansa. Amma datar layin baƙo takan bi ta kamfaninsa na gida kafin ta fita duniya, saboda haka galibi WhatsApp yakan yi masa aiki. A nan ɗan ƙaramin ƙunshin data na baƙunci, wanda aka saya tun daga gida da farashi sananne, yana da amfani ƙwarai. A Dubai kuma saƙon WhatsApp yana tafiya, amma kiran murya da na bidiyo ta cikinsa a toshe suke a layukan ƙasar. Kowace ƙasa da halinta, har da wadda za a yada zango a cikinta. Mai bi ta Adis Ababa ko Alkahira ya sani farashin can dabam ne da na inda ya nufa, kuma sa'o'in jiran jirgi su ne lokacin da hannu ya fi kai wa waya.

Game da maniyyata aikin Hajji da Umra, magana ta fi nauyi. Mu da muka yi wayo a zamanin NITEL, kafin wayar salula ta shigo a watan Agusta na 2001, mun tuna yadda alhaji kan tafi ba a jin ɗuriyarsa sai wasiƙa ko kaset ɗin da ya ba wani mai dawowa. A lokacin rashin waya bai hana shi komai ba. Yanzu kuwa izinin shiga Rauda a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta manhajar Nusuk ake neman sa, kuma wanda ya ɓace wa ayarinsa a Mina, taswirar waya da kiran jagora su ne gatansa. Waɗanda suke da 'yan'uwa a Mina ranar turmutsutsun 24 ga Satumba, 2015, sun san abin da shirun waya yake yi wa zuciyar na gida. Malaman tafsiri sun ruwaito labarin wasu mutanen Yaman da suke zuwa Hajji ba guzuri da sunan tawakkali, in sun iso sai su koma roƙon mutane, har aka umarce su da yin guzuri. Mai yawo a harabar masauki yana neman aron waya ko aron data, alhali yana da halin shiryawa tun daga gida, ya duba ko bai yi kama da su ba.

Abin da muka ga ya fi dacewa ga mai zaman mako huɗu ko biyar a Saudiyya shi ne ya yi amfani da waya mai gurbin layi biyu. Ya bar na gida a ciki, ƙofar kamfani a buɗe domin saƙon banki, wanda a galibi karɓarsa ba ya cin kuɗi, maɓallin data a rufe. Sa'an nan ya sayi layin can da fasfonsa da zanen yatsansa, ya ɗora data a kansa. WhatsApp zai ci gaba da tsohuwar lambarsa matuƙar bai amsa tayin canza lamba ba. Kuma kada ya karɓi layin da aka yi wa rajista da sunan wani, domin duk abin da aka aikata da shi a baya ko a gaba, bai san inda zai kai shi ba.

Ba sai an hau jirgi ake zama baƙo ba. Masu zuwa Maraɗi ta Jibiya, ko Damagaram ta Kwangwalam da Maigatari, sun san waya kan kama kamfanin Nijar tun ba a gama ƙetarawa ba. Ƙungiyar Tarayyar Turai ta soke ƙarin kuɗin baƙunci tsakanin ƙasashenta a watan Yuni na 2017. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ita ma ta zartar da irin wannan ƙa'ida a ƙarshen shekarar, amma aiwatarwa ta zo a hankali, ƙasa biyu-biyu, Gana da Kodebuwa suka fara a 2023. Daɗin daɗawa, Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025. Saboda haka kada wani ya ɗauka cewa tun da Hausa ake yi a Katsina da Maraɗi, farashin waya ma ɗaya ne.

Ma'aikatan gwamnati da ake turawa taro ko kwas, musamman masu riƙe da layin ofis wanda ake biya a ƙarshen wata, nasu ya fi haɗari. Mai kati, in kuɗinsa ya ƙare an tsaya. Mai biyan wata kuwa lissafi yana ta hawa har ya dawo. In baitulmali ne zai biya, to amana ce, kuma hirar dare da iyali ba ta cikin aikin da aka aike shi.

Yadda za a yi binciken ba shi da wuya. Kwana uku ko huɗu kafin tafiya, a kira 300, lambar da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta daidaita ga dukkan kamfanoni a 2023, ko a je ofishinsu da kai. A tambaya ko layin a buɗe yake a ƙasar da za a je da wadda za a yada zango, nawa ne kira da amsa kira da megabayit, kuma ko akwai ƙunshi na musamman na wannan ƙasa. A tabbatar an haɗa layin da lambar NIN yadda ya kamata, domin layin da aka rufe kana waje gyaransa wahala ne. A zuba kati isasshe tun a gida, saboda lambobin tauraro irin su *310# da *311# ba kullum suke amsawa a waje ba. A hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa. Wanda ya sayi wayarsa ta hannu a Titin Beirut ya gwada ta da layin wani kamfani, don a tabbatar ba a ɗaure take ba. Dattijon da bai saba da saiti ba, ɗansa ko jikansa ya zauna da shi a gida ya nuna masa maɓallin har hannunsa ya saba, ya rubuta masa lambobin jagora da na iyali a takarda ya sa cikin jakar fasfo. Kada a bar wannan sai a sansanin alhazai ko zauren jiran jirgi, inda mutum zai miƙa wayar da asusunsa yake ciki ga wanda bai taɓa gani ba.