Daga Boston: Ko Caji Zai Iya Ɗaga Ƙarfe Sama?

Ɗan yayata da ke karatun injiniya a Boston ne ya dage sai mun je Gidan Kimiyya na birnin kafin in koma gida. Muka hau jirgin ƙasa na cikin gari, muka sauka a tashar Science Park, bakin Kogin Charles. Tun a jirgi yake ja na da gardama. "Kawu," in ji shi, "caji iri ɗaya ai tunkuɗe juna yake yi. Idan aka tara shi da yawa a jikin ƙarfe, me zai hana ƙarfen tashi sama?" Na ce masa mu je mu gani tukuna.

Zauren lantarki na gidan duhu ne, a tsakiyarsa ga wasu manyan ƙwallaye biyu na alminiyam a kan ginshiƙai, kowace faɗinta ƙafa 15. Na'urar Robert Van de Graaff ke nan, wadda ya gina a 1933 a wata rumfar ajiye jirgin balan-balan a Round Hill, don binciken ƙwayar zarra. Daga baya jami'ar MIT ta ba gidan kyauta. Wani bel ne ke gudu a cikin ginshiƙi yana kai caji sama, har ya haura bolt miliyan guda. Duk wanda murfin mota ya taɓa fizga a hunturun Kano ya san irin wannan wuta, sai dai tata ta wuce misali. Mai gabatarwa ta shiga kejin ƙarfe, aka ɗaga ta, walƙiya ta dinga dukan kejin da ƙara mai toshe kunne, ita kuwa tana ciki lafiya lau tana magana.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne wata ƙaramar na'ura irin wannan, da aka jera wa faya-fayan alminiyam marasa nauyi a ka. Da aka kunna, sai suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna faɗuwa gefe. Yaron ya taɓa ni. "Ka gani, Kawu?"

Na gani, kuma gaskiyarsa ce, ƙarfe ya tashi. Sai dai walƙiyar da muka kalla ita ce ke nuna inda abin ya tsaya. Busasshiyar iska na jure kusan bolt miliyan 3 a kowace mita. Da an zarce haka sai ta ba wuta hanya, cajin ya tsere ta tartsatsi. Muka zauna a benci muka yi lissafin a bayan tikiti. Kafin iska ta gaza, ƙarfin da caji zai iya bayarwa bai wuce na ɗaga kilo 4 a kan kowace murabba'in mita ba. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya kacal, nauyinsa ya kusa kilo 8 a wannan faɗin. Yaron ya daɗe yana kallon alƙaluman.

Muka fito muka bi gefen kogi da ƙafa zuwa MIT, iska mai sanyi na kaɗa mu. A wani zauren wasanni na jami'ar ne Steven Barrett da tawagarsa suka tashi jirgi marar farfela a 2018: faɗin fukafukansa mita 5, nauyinsa kusan kilo biyu da rabi, ya yi tafiyar mita 60. Waya mai ɗauke da dubban bolt ce ke mayar da ƙwayoyin iska masu caji, su ruga zuwa ɗaya wayar suna bangaje sauran iska. Turin da aka samu na iska ne, fukafukai kuma su suka riƙe jirgin. Haka ƙananan na'urorin takardar alminiyam da ake nunawa a intanet suke aiki, shi ya sa ba sa tashi a akwatin da aka zuƙe iskarsa.

Akwai kuma matsalar tsayawa wuri ɗaya. Tun 1842 Samuel Earnshaw ya tabbatar da lissafi cewa caji tsayayye ba zai riƙe abu a sarari cikin daidaito ba, dole ya zame gefe, kamar yadda faya-fayan nan suka yi. Hukumar NASA ta shawo kan wannan a cibiyarta ta Marshall da ke Huntsville: ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 2 zuwa 3 na rataye tsakanin faranti masu caji, na'ura na bin motsinsa, kwamfuta na gyara ƙarfin wutar ba tsayawa, leza kuma na narkar da shi ba tare da ya taɓa komai ba. Wannan aiki ya fi burge ni a kan duk ƙarar da muka ji, domin da shi ake auna halin narkakken ƙarfe mai tsabta.

A hanyar komawa yaron ya ce, "To Kawu, ni na ci ko kai?" Na ce masa ya ci rabi. Caji na ɗaga ƙarfe, matuƙar ƙarfen ƙarami ne ko shafal, kuma in ana so ya tsaya wuri ɗaya, sai da kwamfutar da ke tsaronsa. Wanda ya ce maka zai ɗaga mota da shi, ka tambaye shi yadda zai yi da iska.