Ajiyar Mutumin Tsibiri

A ɗakin mahaifina a Kamarawa akwai wata tukunya da ba a taɓa ɗora ta a murhu ba. Tana binne a kusurwa, an rufe bakinta da faifai, an shimfiɗa buzun salla a kai. Kuɗin mutane ne a ciki: na tsohuwar da ta sayar da akuyarta, na ɗan ci-ranin da ya dawo daga Kurmi yana gudun kada bukukuwan kaka su cinye masa guminsa. Kowace ajiya da tsumman da aka ƙulle ta. Da na fara iya rubutun boko, na ce masa, "Baba, in kawo takarda in rubuta maka sunayensu?" Ya ce, "Takardar mi? Mai abu ya san ya ba ni, ni na san na amsa, Allah kuma shina gani."

Cikin masu ajiyar akwai wani mutumin Tsibiri, can kusa da Maraɗi, mai kawo kanwa da tumaki ya koma da hatsi da atamfa. Ba mu ɗauke shi baƙo ba. Zanen fuskarsa irin na kakana ne, kuma kowane yaro a ƙasar Isa ya san cewa bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 Gobirawa sun watsu, wasu suka kafa Tsibiri, daga can kuma Ɗan Halima ya taso ya kafa Sabon Birni. Layin da Turawan Ingila da Faransa suka ja a tsakani bai hana auratayya ba, balle ciniki.

Sai ga Afrilun 1984. Gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki, ta canja launin takardun naira, ta ba mutane abin da bai kai mako biyu ba su kai tsofaffin kuɗi. Mutumin Tsibiri yana can ƙetare, ga fari, ga yunwa, ba hanyar aika masa saƙo. Baba ya tono tukunyar, ya tafi har inda banki yake, ya kwana biyu a layi, ya dawo ya mayar da kowane ƙulli cikin tsummansa.

Haka muka tashi. Shanunmu uku suna rugar Fulani, ba shaida ba rubutu. Su tafi mashekari watanni, su dawo da maraƙi a ce ga naku. Bayan girbi su sauka a gonarmu su bar mana taki, matansu su kawo nono a ba su gero. Ranar Alhamis a ba mai zuwa kasuwar Shinkafi sautu, ya dawo da kaya da canji.

Ban taɓa tambayar kaina abin da ke riƙe da wannan duka ba sai da ya rushe. Na haura shekara arba'in da biyar, rashin tsaro ya koro ni da iyalina Sakkwato, dare ya yi mini tsawo. A wajen masu sayar da littattafan Larabci na ci karo da Almunƙizu minad Dalal na Imamu Gazali, ɗan ƙaramin littafi. Tun muna yara ana ja mana kunne cewa falsafa hanyar ɓata ce, ga shi kuma malamin da malamanmu ke girmamawa, wanda ya ajiye kujerar koyarwa a Nizamiyya ta Bagadaza a 1095, yana ba da labarin yadda ya lura kowane yaro kan bi abin da ya tarar iyayensa a kai, har ya shiga tuhumar idonsa da hankalinsa. Na karanta shi sau uku. Daga baya wani aboki ya nuna mini cewa ba sai na je Bagadaza ba: Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda aka haifa a 1804 ya rasu a 1864, ya zauna a Salame yana karantar da falsafa yana rubuta ta. Shi ne ma mai Raudatul Afkar, inda labarin sarakunan Gobir yake. Na ji takaicin shekarun da na yi ban san shi ba.

Abin da ya hana ni barci, duk da haka, wani labari ne a Jamhuriyyar Aflatun. Wani makiyayi ya tsinci zobe, in ya juya shi sai ya ɓace wa idon mutane. Bai tsaya ba sai da ya kashe sarki ya haye gadon. Mai ba da labarin yana cewa ne kowa ka ba wannan zobe haka zai yi, ido ne kawai ke tsare mu. Ai wannan layar zana ce! Na zauna ina lissafi: a Kamarawa kowa ya san kakan kowa, wanda ya ci amana ba zai sami mata ba, ba zai sami mai taya shi gayya ba, ba inda zai sa kansa. Ashe yardar da nake kewa, rabinta ido ne da kunya. Kuma magabatanmu ba su ba da ita kyauta ba, shi ya sa suka ce ba a shaidar ɗan kuturu sai ya shekara da yatsa.

Inda ido bai kai ba, nan muka yi sake. Mun yarda da rawani, da babbar riga, da kaki, da sunan gida. Ibn Khaldun ya lissafa wannan tun a 1377 cikin dalilan da ke sa ƙarya ta shiga labari: son ɓangare, da sakankancewa da mai kawo magana, da neman fada wurin manya. Ni kaina na sha tafa wa mai alkawarin siyasa don kawai na san gidan ubansa. Yau kuma mun juye gaba ɗaya. Kalmar da ta fi yawo a bakin mutanenmu ita ce "infoma", tunda da ɗan gari akan ci gari. Maƙwabci yana sassauta murya in ya ga maƙwabci. Bafulatanin da ubansa ya riƙe mana shanu shekara ashirin, yanzu kamanninsa kaɗai sun isa a tuhume shi. Dā mun yarda da mutum saboda alamar da ke jikinsa, yanzu mun ƙi shi saboda ita, ba mu gwada shi a ko ɗaya ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, ko da yake na san zafin da ya kai mutane can, na kuma binne nawa.

Amma duk lokacin da na kusa ba makiyayin Aflatun gaskiya, sai tukunyar nan ta tare ni. Shekara biyu Baba yana riƙe da layar zana. Iyaka a rufe, ba wanda ya san adadin kuɗin, ba a ma san ko mai su yana raye ba, rumbunmu kuwa ya yi ƙasa har Inna tana auna tsaba da ƙaramin ƙoƙo. Da ya ce canjin kuɗi ya ci su, ba mai musa masa.

An buɗe iyaka a Maris na 1986. Kafin damina ta faɗi sai ga sallama a ƙofar gida. Da ƙyar muka gane shi, ya rame, ba tunkiya ko ɗaya a bayansa. Bai tayar da zancen ba, har aka ci tuwo aka yi sallar lisha. Baba ne ya shiga ɗaki ya fito da tsumman. Mutumin ya kwance, ya ga takardu masu wani launi, ya daɗe yana dubansu a hasken fitila, ya fara cusa su a aljihu.

Baba ya riƙe masa hannu. "A'a, ɗan'uwa, ƙirga."

"Haba Malam, ni in ƙirga maka?"

"Ƙirga dai, yaron nan shi gani."

Ni ne yaron, ni ke riƙe da fitilar. Ya ƙirga a hankali, hannunsa yana rawa.